Jan Fenti a Jikin Ɗorawar Tahira

Ranar wata Talata da hantsi na ga jan fenti a jikin ɗorawata. Na je ne da Tahira, 'yata mai shekara uku da rabi, don in duba ko fure ya kama, saboda bara iska ta kaɗe rabinsa tun bai zama 'ya'ya ba. Bana ya kama sosai, jajaye suna reto kamar tuntun hula, ƙudan zuma sai kai da kawowa suke yi. Amma a gindinta, daidai ƙirjina, wani ya zagaye ta da fenti kamar an ɗaura mata ɗamara, ya rubuta lamba 31 a ƙasa. Fentin ko bushewa bai gama yi ba. Tahira ta dangwala yatsa ta goge a rigarta.

Na san ma'anar alamar. An yi ta a itatuwan unguwar Gangare, maƙwabtanmu, kuma an ce duk wadda aka yi wa ita sare ta za a yi.

Ɗorawar nan a tsakiyar gonar Kawu Hashimu take, ƙanin mahaifiyata. Gonar tasa ce, babu mai ja da shi. Itaciyar kuwa ba tasa ba ce. Da aka zo rabon gadon kakanmu, maza suka ɗauki gonaki, aka ƙiyasta rabon mata aka ba su a itatuwa da dabbobi, Inna ta samu wannan ɗorawa. Haka ake yi a nan tun ba a haife ni ba. Ƙasa ta yi mana kaɗan, gona da gona a manne suke, ba a iya yanka wa kowa tasa, don haka sai ka ga gona ta wane ce, kukar da ke cikinta ta wance ce, tsamiyar bakin iyaka kuma ta wata gwaggo ce da ta yi aure a Bici. Mai itace yakan ba mai gona ɗan kaso duk shekara saboda inuwar da ta ci masa shuka. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Kowa dai ya sani.

Ranar sunan Tahira, Inna ta kira Kawu da mijina Khalilu, ta ce su shaida ta ba ni ɗorawar, bayana kuma ta jaririyar nan ce. Wata biyar bayan haka Allah ya yi mata rasuwa. Daga itaciyar nan nake samun garin da nake dama wa Tahira, da kalwar da nake daddawa in ci in sayar, da makubar ɓawon 'ya'yanta da muke daɓe ɗaki da ita. Ni ba ni da gona. Idan yau Khalilu ya faɗi, ko zama ya ƙi, abin da ni da yarinyar nan za mu nuna mu ce namu ne a duniya, ita ce kawai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tun ina tsaye a gindinta na fara zargin hannuna yana ciki.

Shekara biyu da suka wuce, bayan an gama girbi, wasu mutane suka zo daga wata cibiyar bincike da ke Rijiyar Zaki. Jagoransu a nan shi ne Malam Zubair, wani mai yawan murmushi da ba ya rabo da hular rana. Ya yi wa maza bayani a ƙofar masallaci, daga baya ya yi wa mu mata a makarantar firamare. Ya ce hayaƙin motoci da masana'antu da murhunan girki yana taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi, itatuwa da ƙasa kuma suna shanye wani abu daga ciki. Ana son a lissafa hanyar da jiha za ta bi, shekara bayan shekara, har zuwa 2060, lokacin da abin da ake fitarwa zai yi daidai da abin da ake shanyewa. An ce mai unguwa ya tambaye shi ko za a aika masa da sakamakon can inda zai kasance a lokacin, aka yi ta dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na ga yadda ruwa ke makara, na ga ƙurajen zafi a bayan Tahira har ba ta iya kwanciya rigingine. Da aka ce ana neman mace mai ilimi da za ta shiga gidaje ta cike fom, tunda maza ba sa shiga, na ba da sunana, domin na yi shekara biyu a kwalejin Bici kafin aure. Ma'aikata suka yi ƙaranci, sai aka haɗa mini da shafin gonaki na unguwarmu. Na yi aikin tsakani da Allah. Da Tahira a bayana na bi gona gona, ina zagaya igiyar awo a gindin kowace itaciya, ina rubuta kaurinta, ina tambayar tsofaffi shekarunta. Fom ɗin ya ce: sunan mai gona, sai itatuwan da ke cikin gonar. A gonar Kawu na rubuta gawo biyu, kuka ɗaya, ɗorawa ɗaya. Kawu yana tsaye yana tsokanata, wai in ƙara wa tawa shekaru ko gwamnati za ta ba ta fansho. Na rubuta shekara saba'in.

Daga gindin itaciyar ban koma gida ba, gidan Kawu na wuce. Na same shi a zaure yana ɗinke mangalar da yake kai taki gona. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, ya amsa bai ɗago ba, daga nan na gane ya san abin da ya kawo ni.

Ya ce wata ƙungiya ce ta ɗauki sakamakon binciken za ta gwada a ƙauyuka shida. Wanda ya sa gonarsa za a kewaye masa ita da waya, a ba shi taki, a dasa masa sababbin itatuwa a jere. Tsofaffin da suka daina girma kuma za a sare su a mai da su gawayi, a niƙa a binne a gonar. Ya ce shi gona ya sa, bai sa itacen kowa ba.

"Da kika rubuta ta a gonata ai ina wurin," in ji shi. "Ke kika rubuta, Ramlatu, ba ni ba."

Na ce, "Kawu, da ka ga an zo da fenti, me ka ce musu?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Sai ya shiga ba ni labarin shekara arba'in da ya yi yana noma kewayen inuwar nan, geron da ke ƙarƙashinta ba ya wuce gwiwa, wuri mai faɗin da zai ba shi dami goma. Ya ce daddawar da nake aiko masa duk shekara tana da daɗi, amma ba ta cika rumbu. Ya ce yana da baki goma sha ɗaya a gidan nan. Duk gaskiya ne, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Amma yana zaune a ɗakin Inna ranar da ta ce ya shaida, kuma ya ce ya shaida. Na so in tuna masa, sai na ji idan na buɗe baki zan faɗi abin da ba a faɗa wa kawu. Na ɗauki 'yata na fita.

Malam Zubair yana makarantar firamare, inda suka jera dashe a baƙaƙen ledoji. Ya saurare ni da murmushin nan nasa, ya kira ni Malama Ramlat, ya ce ai ni tasu ce. Sannan ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton takarda. Rubutuna ne, har da wurin da biro ya ƙi na maimaita. Ya ce jerin itatuwan daga kwamfuta ya fito, shi ba ya ƙarawa ba ya ragewa, kuma mai gona ya sa hannu. Masu inji za su fara da Gangare, su iso unguwarmu ranar Alhamis ta sama. Kwana tara ke nan. Ya ce in kwantar da hankalina, a madadin guda ɗaya za a dasa arba'in.

Na tambaye shi arba'in ɗin na wa za su zama. Ya ce na mai gona mana.

Khalilu tela ne a kasuwar Bici, mutum ne da ba ya son hayaniya. Da ya dawo na gaya masa, ya ce mu kai wa mai unguwa. Muka kai. Mai unguwa ya ce ko a gaban alƙali zai tsaya ya ce ɗorawar tawa ce, har yaran da ke kiwo sun san haka, amma takardar daga Kano ta zo, sai ya ga dagaci, dagaci kuma ya tafi ɗaurin aure sai Litinin. Khalilu ya ce to mu jira Litinin. Na ce shi ya jira.

Washegari na ɗauki littafin awon ɗinkinsa da bai fara amfani da shi ba, na ja layi uku: lambar da ke jikin itace, mai gona, mai itace. Na sake bin gidajen da na bi shekara biyu da suka wuce, amma wannan karon matan na tambaya. Wasu ba su ma san an yi wa nasu fenti ba, tunda ba fita suke yi ba, mazan kuma ba su ga dalilin kawo maganar gida ba. Wata ta ajiye taɓarya ta zauna a bakin turmi. Wata ta ce in rubuta amma kada in ce ita ta faɗa. A kwana uku na gama unguwarmu da Gangare. Itatuwa arba'in da bakwai aka yi wa alama. Ashirin da tara daga ciki ba na masu gonar ba ne. Ashirin da shida na mata ne.

Ranar Asabar ina Gangare na ji kukan inji. Masu saran sun zo da wuri, wai sun gama wani ƙauye kafin lokaci. Kafin in isa sun kayar da lamba 8, ɗorawar Iya Luba, tsohuwar da ta koya wa Inna yin daddawa. Itaciyar tana kwance a gonar ɗan mijin tsohuwar, furen ya watse ko'ina a ƙasa, awaki suna ci. Iya Luba tana tsaye a bakin gona da sandarta, ba ta kuka. Ta ce mini mahaifinta ya ba ta ita ranar da za a kai ta ɗakin miji, ta binne miji biyu da 'ya'ya huɗu itaciyar tana nan. Ta tambaye ni, tunda ni na yi boko, ko gaskiya ne da aka sare ta zafi zai ragu.

Na dubi kututturen. Na tuna ni na zagaya awo a gindin nan, ita tana riƙe mini ɗaya bakin tana dariya.

Na gaya wa Khalilu ranar Litinin zan je Rijiyar Zaki, ko ya kai ni ko in hau mota. Ya dube ni, ya ce zai rufe shago. Na zuba abubuwa huɗu a jaka: ƙullin garin ɗorawa, mudun kalwa, daddawa guda uku, da ɓawon da ake makuba. Na sa littafin a sama. Muka hau babur, Tahira a tsakiyarmu.

Cibiyar gida ce mai hawa ɗaya a bayan wani gidan mai. Mai gadi ya ce sai da alƙawari. Na nuna masa tsohon katina na masu cike fom, na ce ni ma'aikaciyarsu ce na zo gyara kuskure. Aka kai mu wurin Dakta Kamaruddeen, wanda aka ce shi ya gina lissafin. Na zaci zan ga dattijo mai tumbi. Siririn mutum ne da bai fi Khalilu da yawa ba, idanunsa sun yi ja don kallon allo. Ɗakin sanyi ƙalau, Tahira ta shige cikin hijabina.

Ya karɓe mu da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya ji daga inda muke, ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mana layi biyu. Baƙi yana hawa, wannan idan an ci gaba yadda ake. Kore yana saukowa a hankali har ya taɓa ƙasa a 2060. Ya ce a cikin koren nan akwai wutar rana, da motocin haya, da murhu mai cin itace kaɗan, da siminti, da shanu, da gonaki irin namu. Ya ce tsohuwar itaciya ta gama girma, abin da take shanyewa kaɗan ne, kuma ranar da ta mutu ta ruɓe ko aka ƙone ta, duk abin da ta tara zai koma sama. Idan aka yi gawayi da ita aka binne, ya zauna a ƙasa, ƙananan kuma su taso da yunwarsu. Yana magana kamar mai ba da labarin ɗansa.

Na bar shi ya gama. Sannan na kwance jakata na jera kayan a kan teburinsa. Warin daddawa ya cika ɗakin nan take. Khalilu ya sunkuyar da kai. Dakta ya yi 'yar dariya ya ce rabonsa da jin wannan tun kakarsa tana da rai.

Na ce masa wannan gari shi ne abin da 'yata ke sha da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan daddawa idan babu ita dunƙulen kanti za mu saya, wanda mota ke kawowa daga inda ban sani ba. Wannan ɓawo da shi muke daɓe, idan babu sai siminti, kuma yanzu ya gama ce mini siminti na cikin masu hayaƙi. Na tambaye shi ko lissafinsa ya san da waɗannan. Ya ce a'a, amma in yi adalci, dafa kalwa yini guda ai itace yake ci. Na ce da kara nake dafawa, da busassun rassan ita ɗorawar, ya zo ya gani. Ya rubuta wani abu a takarda.

Na tambaye shi cikin dashe arba'in nawa ya sa za su rayu. Ya ce bakwai cikin goma. Na ce an dasa ɗari a makarantarmu shekara uku da suka wuce, yanzu saura huɗu, kuma ɗaya daga ciki akuya ta gutsure mata kai. Ya ce shi ya sa aka sa waya. Ban tsaya a nan ba, don ba wannan ya kawo ni ba.

Na ce, "Dakta, nuna mini inda aka rubuta mai itacen."

Ya buɗe wani shafi mai layuka da yawa, ya nemo ƙauyenmu, ya nemo lamba 31. Lambar gona. Sunan mai gona, Hashimu. Irin itace. Kauri. Shekaru, saba'in. Ya ja zuwa dama har layukan suka ƙare.

Ya ce, "Ga shi nan, Hashimu."

"Wannan mai gona ne."

Ya dube ni, ya dubi Khalilu, kamar yana jiran ɗayanmu ya ƙarasa maganar. Sai na gane da gaske bai sani ba. Mutumin da ya lissafa numfashin shanun jihar nan har na shekara talatin da biyar masu zuwa, bai san itace na iya zama na wani a gonar wani ba. A birni aka haife shi, a gidan da itacen da ke tsakar gida na mai gidan ne. Na buɗe littafin awon ɗinki na ajiye a gabansa. Ya karanta shafi na farko, ya juya na biyu. Na nuna masa lamba 8, inda na ja layi a kai, na ce wannan an sare ta shekaranjiya, mai ita ta haura tamanin, ba wanda ya ko yi mata sallama.

"Wa ya cike fom ɗin ƙauyen nan?" ya tambaya.

"Ni."

"To me ya sa ba ki faɗa ba tun lokacin?"

Wannan tambayar na kwana shida ina yi wa kaina. Na ce, "Ba ku tambaya ba. Ni kuma ban zaci akwai mutum ɗaya a ƙasar Kano da bai san wannan ba."

Ya sake duban littafin. Daga baya ya fara cewa su lissafi kawai suka yi, ƙungiyar ce ta mai da shi aiki, kuma sun rubuta a rahoto cewa a tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Na ce an tuntuɓe su, duk wanda sunansa ke cikin layin nan an tuntuɓe shi. Khalilu ya taɓa gefen hijabina. Na ce ban zo a ba ni haƙuri ba, tambaya ɗaya gare ni, kuma injinsa zai iya amsawa. Idan aka bar duk itatuwa irin tawa a tsaye, a duk jihar, ba a taɓa ko ɗaya ba, yaushe koren layin nan zai taɓa ƙasa?

Ya ce ƙauye biyu ba sa wakiltar jiha, abin da zai fito ƙiyasi ne kawai. Na ce na yarda, ai shekarun ɗorawata ma ƙiyasi ne, da shi kuma aka yanke mata hukunci. Ya ja kujerarsa ya fara danne-danne. Ya ce zai ɗauki lokaci. Muka fita muka yi sallar Azahar, na ba Tahira garin nan da ruwa a murfin kwano ta lashe, bakinta ya yi rawaya.

Da muka dawo yana tsaye a bakin taga. A allon akwai koren layi biyu yanzu, sun kwanta a kan juna har sai da na matsa kusa na ga ɗan tsakaninsu a can ƙarshe.

"Wata biyar," in ji shi. "Ko ƙasa da haka."

Na zaci zan ji sanyi. Wani sabon fushi ne ya taso mini. A 2060 Tahira za ta haura shekara talatin da takwas, idan Allah ya raya ta. Wata biyar ne ba za a iya jira ba, shi ya sa aka kwantar da itaciyar da ta girmi kowa a ɗakin nan, aka bar Iya Luba tana tambaya ko zafi zai ragu. Na ce masa ni ma ina son layin ya sauka, na fi shi so, domin shi yana da wannan sanyin a ɗakinsa, 'yata kuma a bayanta ake ganin zafin. Amma ba da abin da uwata ta bar mata za a saukar da shi ba.

A gabanmu ya kira shugabar ƙungiyar, suka daɗe suna magana, rabi da Turanci. Sannan ya rubuta takarda ya buga hatimi, ya ɗauki hoton kowane shafi na littafina. Ya ce za a dakatar da sara a ƙauyuka shidan har a tantance. Ya kuma gaya mini, don kada in ji daga baya, cewa duk gonar da ke da itacen wani za a cire ta daga shirin bana, saboda an tsara jeren dashen ne a kan babu tsohuwar. Wato babu waya, babu taki. Na ce na ji. Na kwashe kayana, na bar masa daddawar.

Ranar Alhamis masu inji ba su zo ba. Malam Zubair ya zo, ba murmushi, ya karanta sunayen gonakin da aka cire a ƙofar masallaci. Ashirin da takwas. Kafin la'asar duk unguwa ta san 'yar wa ta jawo. Wasu maza suka daina kai wa Khalilu ɗinki. Kawu Hashimu ya daina amsa gaisuwata, idan na durƙusa sai ya kama magana da jakinsa.

Ɗorawar ta nuna a ƙarshen bazara, ta yi 'ya'ya fiye da na shekara uku da suka wuce. Na fitar da kason Kawu kamar kullum, har na ƙara, na aika masa. Ƙwaryar ta dawo a rufe yadda na aika. Na ɗauka da kaina na kai har zaure na ajiye kusa da mangalarsa, na ce wannan haƙƙin inuwa ne, ba roƙo ba ne, Inna ba ta taɓa fashi ba ni ma ba zan yi ba. Na fito. Ƙwaryar ba ta sake dawowa ba dai. Na auna kalwa mudu biyar na kai wa Iya Luba, ta ce tata ta fi wannan manyan ƙwaya, kuma gaskiyarta ne.

Fentin ya ƙi fita. Na kankare da wuƙa har na fara ji wa ɓawon ciwo, sai na bari.

Kafin ruwan farko Dakta ya aiko da sabon fom, ya ce idan na yarda in sake zagayawa. An ƙara layi ɗaya a dama: sunan mai itace. Na fara da lamba 31, na rubuta Tahira Khalilu, na kama hannunta ta dangwala a gefe. Da na isa Gangare na tsaya a kan kututturen lamba 8, na duba fom ɗin sama da ƙasa. Akwai wurin kauri, akwai wurin shekaru, babu wurin itacen da aka riga aka sare. Na zagaya awo a kututturen, na rubuta kaurinsa. Na rubuta sunan Iya Luba. Sannan na juya takardar a kaikaice, na rubuta a gefenta ranar da aka sare ta, da wanda bai tambaya ba, da wadda ba ta faɗa ba.